Na'urar da Yaya ya bari a daskare

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan rubuta bai daɗe sosai da faruwa ba, amma na lura tun yanzu wasu abubuwa sun fara cakuɗewa a kaina. Akwai maganar da nake ganin a shago aka faɗe ta, sai wani ya ce mini a ƙofar masallaci ne. Inda na tabbata zan faɗa kai tsaye. Inda ban tabbata ba zan nuna, ko da hakan zai gajiyar da mai karatu, kamar yadda yake gajiyar da mutanen gidanmu.

Yaya ɗan wan babana ne, amma gida ɗaya muka tashi a Garwa, kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. Ya girme ni da kusan shekara goma. Da na gama karatun kwamfuta a Ngaundare na dawo gida, na yi ta ajiye dosiye, wato takardun neman aiki, a ofisoshi, babu wanda ya kira ni. Shi ne ya ce in daina zaman jira in zo shagonsa in riƙa taya shi.

Shagon ɗaki biyu ne, ba nisa da babbar kasuwa. A na gaba ake buga takardu da fotokofi, shi ne abin da yake ciyar da gidansa. A na baya yake koyar da mutane aikin kwamfuta bayan la'asar, kuma nan zuciyarsa take. Masu zuwa manya ne, malaman makaranta, wasu ma'aikatan kamfanin auduga, da wata nas da ba ta fashi. Kwamfutocin da suke zama a gabansu tsofaffi ne ƙwarai, ba su iya ɗaukar aikin kirki. Aikin duka yana cikin wani baƙin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin teburin Yaya, wanda ya saya na hannu daga Duwala. Shi yake kira uwa.

Dole in yi ɗan bayani a nan, ina fatan ba zan tsawaita ba. Kwamfuta mai ƙarfi tana iya yin kwaikwayon wasu kwamfutoci a cikinta. Kowace daga cikinsu tana ɗaukar kanta cikakkiyar na'ura ce, alhali ba ta da jiki, aro take daga uwar. A makaranta an koya mana irin waɗanda ake yi wa kwaikwayon komai da komai, allo, lasifika, wurin soka kile, wato ɗan abin ajiyar fayil da ake sawa a aljihu, har da wurin faifan da aka daina amfani da shi tun kafin a haife ni. Irin waɗannan suna da nauyi, kuma idan ka kunna su sai ka jira suna lalube ɗaya bayan ɗaya su ga me suke da shi. Na Yaya ba haka suke ba. Ya bar wa kowace abu kaɗan: wurin ajiya, hanyar magana da sauran kwamfutoci, wata 'yar taga baƙa da rubutu kawai yake shiga yake fita, sai maɓalli guda na kashewa wanda ake danna mata daga waje. Ba hoto, ba sauti. Saboda haka kafin ka ɗauke yatsa daga kan maɓalli ta riga ta tashi tana jiranka. Su yake kira 'ya'ya.

Kowane ɗalibi idan ya zauna, sai a ba shi 'ya ɗaya sabuwa. Ya lalata ta yadda ya ga dama, ya goge abin da ba a gogewa, ya rikita ta har ta daina amsawa. Sai Yaya ya yi dariya, ya jefar da ita, ya ba shi wata nan take. Yakan ce musu kada kowa ya shaƙu da tasa, ganyen alala ce, ana cinye abin ciki a yar. Nas ɗin ce kaɗai take jin ciwon wannan, takan ce a bar mata tata ta jiya, ta saba da ita. Bai taɓa barin mata ba.

Cire abubuwa ya zama masa kamar ciwo. Sai in same shi da safe da kofin shayi, yana bin dogon jerin abubuwan da 'ya'yan suke tashi da su, yana tambayar kowanne amfaninsa. Ni kuwa tsoro nake ji. Nakan ce masa wataƙila a bar wannan, mai yiwuwa wata rana a buƙace shi. Shi kuma ya ce ranar da aka buƙace shi a mayar. Daga nan matarsa, wadda nake kira Adda, ta samo sunan da ta laƙaba mini. Akwai wasa tsakanina da ita kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen miji. Idan ta aiko mana da abincin rana takan ce a faɗa wa Malam Wataƙila wannan shinkafa ce, ba mai yiwuwa ba.

Wanda ya zauna a Garwa ya san yadda wuta take yi mana idan zafi ya tsananta, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya. Ana ɗauke ta unguwa-unguwa, ba sanarwa, ko kuma da sanarwar da ba a bi. Muna da batir wanda maƙwabcinmu ya haɗa mana, wani Kirista mutumin duwatsun Mokolo mai gyaran batir, amma ɗan lokaci kaɗan yake iya riƙe uwar. Sai Yaya ya yi wata dabara. Da zarar wuta ta ɗauke, uwar tana jin ta koma kan batir, sai ta tsayar da kowace 'ya daidai inda take, ta kwashe duk abin da ke cikin kanta a wannan lokacin ta adana, sannan ita ma ta kwanta. Idan wuta ta dawo sai a tashe su, kowace ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta ma san an yi wani abu ba. Wannan muke kira daskarewa. Yaya yakan ce a duk faɗin Garwa, a watan Afrilu, a shagonsa kaɗai abu yake daskarewa, gara masu sayar da folere, wato zoɓo, su kawo robobinsu.

'Ya'yan ɗalibai da kansu suke farkawa idan wuta ta dawo. Akwai ɗaya da ba ta farkawa sai an tashe ta da hannu, ita ce tasa, wadda yake gwaje-gwajensa a ciki. Ita kaɗai ce ba a jefarwa. Na taɓa nuna masa cewa ya karya dokarsa, ya ce shi malami ne, ba ɗalibi ba.

Ranar da nake son ba da labarinta, ina jin Talata ce, ko da yake maƙwabcinmu ya dage Laraba ce. Bayan azahar kaɗan. Ina ɗakin gaba ina yi wa wata mata fotokofin takardun haihuwa, sai injin ya tsaya da takarda a bakinsa, fanka ma ta fara rage gudu. Na ji batir ya yi ƙararsa a ɗakin baya. Jim kaɗan Yaya ya fito yana dafe da ƙeya. Ya ce kansa yana sarawa tun safe, tunda wuta ta tafi bari ya je gida ya ɗan kwanta, in rufe idan ba ta dawo ba kafin la'asar. Abin da nake tunawa ke nan. Maƙwabcin namu ya ce shi ya ji ya ƙara wata magana lokacin da yake tayar da babur, amma ya manta mece ce.

Washegari bai iya juya wuya ba. Aka kai shi asibiti. Likitoci sun ce sanƙarau ne, kuma ba ni da dalilin shakkar maganarsu. Bai cika mako ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar Adda da 'ya'ya mata biyu, da mahaifiyarsa.

Ba zan yi maganar zaman makoki ba, kowa ya san yadda yake. Bayan an yi addu'ar bakwai na koma na buɗe shago, domin akwai takardun mutane da ba a ba su ba. Ɗalibai suka zo gaisuwa, wasu suka tambaya ko za a ci gaba. Na ce zan gwada. Darussan da yake shirin koyarwa suna cikin 'yar nan tasa da ba a jefarwa, don haka wata rana da hantsi na zauna a kujerarsa, na kwafi daskararriyar gefe guda don kada in ɓata ta asali, na tashe ta.

Ta tashi kamar kullum, nan take. Tagar baƙa ƙirin, ba komai. Haka suke yi idan sun farka, domin su a wurinsu sun riga sun nuna maka abin da za su nuna. Akwai maɓallai biyu da ake dannawa tare don ta sake nuna layin da ake kai. Na danna. Sai ga layi ya fito, rubutun da bai ƙarasa ba, 'yar alamar nan tana ƙiftawa a ƙarshensa.

Ba wani abu ne mai ma'ana ba, kada mai karatu ya sa rai. Umarni ne na kwafe abu daga wuri zuwa wuri, irin wanda muke bugawa sau da yawa kullum. Ya rubuta umarnin, ya rubuta sunan abin da zai kwafa, wani sabon zubi na 'ya'yan ɗalibai da ya ƙara ragewa nauyi. Inda zai kai shi ne bai rubuta ba. Daidai nan wuta ta tafi.

Na buɗe wata taga ta biyu na tambaye ta lokaci. Ta ba ni ranar nan, bayan azahar. Ba ta da agogon da zai gyara mata lissafi, kuma abin da yake sa ta tambayi lokaci a waje yana cikin abubuwan da ya cire. Daga inda ta tsaya ta ci gaba da ƙirga. A wurinta Yaya yana zaune a kujera, ya ɗan ɗaga hannu ne kawai.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon layin ba. Na kwashi darussan, na jefar da kwafin. Bayan kwana biyu na sake yin wani kwafin na tashe shi, ba don ina neman komai ba. Haka ya zama mini al'ada. Idan rana ta take, kasuwa ta yi shiru, wuta kuma tana nan, sai in shiga ɗakin baya in tashe ta in zauna. Na san ƙarfe ne da lissafi. Ban taɓa ɗauka wani abu nasa na rai yana ciki ba, Allah ya kiyaye, kuma ina so wannan ya fito fili. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, ko'ina a Garwa an san ya rasu, har mai shayin bakin titi ya daina tambayata shi, sai a wannan baƙar tagar.

Koyarwar ba ta ɗore ba. Ni ba ni da bakinsa. Idan ɗalibi ya yi tambaya sai in ba shi amsa uku in ce ya danganta. Suka riƙa raguwa, nas ɗin ce ta ƙarshe, ita ma ta ce aiki ya yi mata yawa.

Baffanmu, wanda shi ne babba a dangi yanzu, ya tara mu kan maganar gado. Aka yanke a rufe shagon, a sayar da kayan ciki a raba yadda addini ya ce. Ban ga laifin wannan ba, har yau ban gani ba, akwai marayu. Wani ɗan kasuwa mutumin Kuseri da yake sayen tsofaffin na'urori ya zo ya duba. Mutum ne mai fara'a, yana Hausa yana sako Larabcin Cadi. Ya buɗe uwar ya leƙa cikinta, ya ce ba zai sayar da ita ɗungurungum ba, warware ta zai yi, ƙwaƙwalwar daban, sauran daban, ya haye gada da su zuwa Cadi, can sun fi daraja.

Da farko ban damu sosai ba. Daskararriyar ai fayil ce, na kwafe ta a kile na sa a aljihu. Da na je gida na gwada tashe ta a kwamfutata. Ta ƙi. Na kai wurin wani abokin karatuna da yake aiki a wani ofis mai manyan na'urori, nan ma ta ƙi. Sai na koma na karanta abin da ya kamata in sani tun farko. Lokacin da 'ya take tashi, takan duba irin ƙwaƙwalwar uwar da take ciki, ta tsara kanta a kan haka. Idan ta daskare, da wannan sanin take daskarewa. Ka kai ta wata uwar mai wata irin ƙwaƙwalwa, ba za ta farka ba, ko ta farka ta faɗi nan take. Da a ce irin masu nauyin nan ne da ake yi wa kwaikwayon komai, wataƙila da an iya yi mata dabara. Ita kuwa sauƙinta ya zo ne daga jingina kai tsaye da jikin uwar. Abin da ke cikin ma'ajiyarta, darussa da sauransu, ana iya kwashewa a kai ko'ina, kuma na kwashe. Amma wannan tsayuwar da ta yi, da layin, da agogon, a cikin baƙin akwatin nan kaɗai suke.

Na je na sami Baffa in roƙe shi kada a sayar da akwatin. Ban iya yi masa bayani yadda ya kamata ba. Ya tambaye ni ko akwai haƙƙin wani a ciki, na ce a'a. Ya tambaya ko akwai abin da marayun za su amfana da shi, na ce a iya sanina babu. Ya ce to mene ne? Na ce wani aiki ne da marigayi ya fara bai gama ba. Ya dube ni da tausayi, ya ce kowa haka yake tafiya, in yi masa addu'a.

Ban san yadda maganar ta isa kunnen Adda ba. Ina zargin matar maƙwabcinmu ce, domin tana zuwa gaishe ta, kuma mijin ya sha ganina ta taga ina zaune ni kaɗai gaban baƙin allo. Adda tana cikin takaba a lokacin. Sai ta aika wa Baffa cewa ta amince a sayar da komai, amma tana roƙon kada a ɗauki akwatin sai ta fita ta gan shi. Baffa ya yarda, mutumin Kuseri ma ya ce ba komai, zai biyo a wani zuwan.

Ta zo kwana kaɗan bayan ta fita takaba. Damina ta riga ta sauka sosai, gari ya yi sanyi, wuta ma ta daidaita. Da safe ne. Goggonta ta rako ta, ta zauna a benci a ɗakin gaba tana hira da maƙwabcinmu da Fulatanci. An riga an kwashe injin fotokofi da teburan ɗalibai, saura teburin Yaya da uwar da allo ɗaya. Adda ta rame. Na ba ta kujerarsa, ta ce a'a, ta jawo wata ta roba.

Ta ce an faɗa mata ina tayar da injin yayana ina zama da shi. Na fara yi mata bayanin cewa na'ura ce kawai, kada ta ɗauka wani abu ne daban. Ta katse ni.

"Na sani. Ba yarinya ba ce ni. Nuna mini."

Na tashe ta, na danna maɓallan nan biyu, layin ya fito. Ta matso ta duba. Ta yi makaranta, tana karanta Faransanci sosai, amma wannan ba yaren da za ta gane ba ne. Ta tambaya ko akwai hotonsa a ciki. Na ce ba ta iya nuna hoto. Ta tambaya ko muryarsa, ko da yana yi wa ɗalibai faɗa ne. Na ce ba ta da abin ji, ba ta da abin magana, duk ya cire. Ta ce me ya sa? Na ce don ta yi saurin tashi.

Sai ta ce, "Halinsa ke nan. Ko tafiya za mu yi Marwa sai ya buɗe jakata ya rage."

Na faɗa mata ma'anar layin, na kuma nuna mata agogon. Nan ne ta daɗe. Ta karanta ranar da lokacin a hankali, ta ce a daidai wannan lokacin tana tsakar gida tana gyaran kifi, wani ya kawo daga Maga, ta ji ƙarar babur ɗinsa ta yi mamakin dawowarsa da wuri, har ta yi masa tsiya cewa ƙamshi ne ya jawo shi. Ta ce bai ci kifin ba. Ni ban san wannan ba sai ranar.

Sai ta tambaye ni, duk sanda na tashe ta, nan take komawa? Na ce e, kowane tashi daga wuri ɗaya yake farawa. Ta ce tun yaushe nake yin haka? Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ita wata huɗu da kwana goma ta yi a ɗaki, kullum tana ƙoƙarin ta yarda ranar nan ta wuce, ashe ni ina nan ina maido da ita kowace azahar.

"Ƙarasa masa," in ji ta.

Na ce ban san inda ya so ya kai abin ba. Mai yiwuwa wurin da 'ya'yan ɗalibai suke ɗauka ne, don su fara aiki da shi ran nan. Mai yiwuwa kuma wurin gwaji ne, domin bai cika sakin abu ba sai ya gwada. Akwai kuma yiwuwar ajiya kawai zai yi. Idan na zaɓi ɗaya, nawa ne, ba nasa ba.

Ta dube ni, kuma a karon farko tun rasuwar na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya.

"Malam Wataƙila. Har yau kana nan."

Na ce ina nan, Adda.

"To kashe ta. Ba irin yadda kake yi ba. Yadda shi yake kashe ta idan ya gama aiki."

Na gane abin da take nufi. Ni jefar da kwafin nake yi, kamar yadda ake yi wa na ɗalibai, ta asali kuma tana nan a daskare. Na yi mata bayani cewa ko na kashe wannan da kyau, daskararriyar tana nan, gobe ana iya sake tashinta. Ta ce to a fara cire waccan. Na ce idan na cire, wannan da ke gabanmu ita ce ta ƙarshe. Ta ce ta ji. Na kuma faɗa mata akwai kwafi a kile, amma ba ya farkawa ko'ina sai a wannan akwatin. Ta tambaya na tabbata? Na ce a iya abin da na gwada. Ta ce wannan in riƙe, ba ruwanta da shi.

Na goge daskararriyar tana kallo. Sai da na sake duba sunan fayil ɗin, na kuma sake. Ban taɓa layin ba. Maɓallin kashewar nan da ya bar mata daga waje ake danna shi, don haka ba sai an share abin da ya rubuta ba. Na tambaye ta ko tana so ta danna da kanta. Ta girgiza kai. Na yi bisimilla na danna.

Na ɗauka za mu ga tana rufe abubuwanta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda manyan kwamfutoci suke yi, mutum ya samu lokacin da zai yi addu'a ko ya ja numfashi. Na manta ba ta da abubuwan rufewa da yawa. Wasu 'yan layuka suka gifta, ban ma iya karanta su ba, tagar ta rufe.

"Shi ke nan?" in ji Adda.

Na ce shi ke nan.

Ta zauna tana kallon allon, hannuwanta a kan cinya. Daga ɗakin gaba muna jin goggonta tana tambayar maƙwabcinmu ko an yi ruwa a garinsu. Can Adda ta yi masa addu'a a hankali, na ce amin. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce in riƙa zuwa ina ganin yaran, suna tambayata. A bakin ƙofa ta juyo ta tambaya ko na karya. Na ce na sha shayi. Ta ce shayi ba abinci ba ne.

Mutumin Kuseri ya zo a makon da ya biyo. Na goge duk abin da ke cikin uwar kafin ya iso, domin akwai ayyukan ɗalibai da takardun mutane. Ya warware ta a gabana a kan teburin, ya naɗe ƙwaƙwalwar a tsumma ya sa a aljihun gaba. Ƙaramar aba ce, ba ta kai tafin hannu ba. Akwatin kansa ya ce ba ya so, nauyi ne kawai. Maƙwabcinmu ya ɗauka, ina jin yana ajiye kayan aiki a ciki.

Yanzu ina aiki a wani wuri a nan Garwa, ina kula da irin waɗannan ƙananan na'urori, masu yawa, ina tayarwa ina jefarwa kullum. Kilen yana cikin akwatin kayana. An ce idan aka sami uwa mai irin waccan ƙwaƙwalwar daidai, da irin tsarin da muke da shi a lokacin, mai yiwuwa fayil ɗin ya farka. Ban nema ba. Ban kuma goge ba. Adda ta koma gidan iyayenta da yaran, nakan je ranar Juma'a idan na samu hali, ba mu taɓa sake tayar da maganar ba.

Na rubuta wannan ne da sanin cewa ba ni kaɗai na ga waɗannan abubuwa ba. Waɗanda suka yi karatu a ɗakin bayan nan suna nan cikin gari, wasu an yi musu canjin aiki zuwa Kaele da Tinyer. Idan wani ya ga na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ko na rikita rana, ko na manta da wanda ya kamata in ambata, ina roƙon ya sanar da ni in gyara. Musamman idan akwai wanda Yaya ya faɗa wa, a darasin da ya gabaci ranar, abin da yake shirin yi da sabon zubin nan, ko wanda yake kusa lokacin da yake tayar da babur ya ji abin da ya ce. Ko da abin bai taka kara ya karya ba, ina so in sani.